Hannun Inna Bai San Kaɗan Ba

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin mahaifiyarmu ta sayi cefanen kwana ɗaya ba. Shinkafa da buhu, wake da buhu, mai da jarka, taliya da katan. Gishiri ma buhu guda take saukewa, kai ka ce jimar fatu muke yi a gidan. In aka ce mata wance ta aika a sayo mata ƙullin sukari, sai ta kama haɓa ta ce, "Ƙulli? Allah sarki. Lafiya dai ko?" kamar an gaya mata an kwantar da matar a asibiti.

Mu tara ta haifa, ni ce auta. Inna muke ce mata, mutanen layinmu kuwa suka laƙaba mata Innar Sito, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba, har amsawa take yi. Kafin ta auri Baba, da 'yan shekaru bayan auren, aikin girki ta yi a wata makarantar kwana ta 'yan mata. A can ta saba da tukunyar da sai mutum biyu sun kama kunnuwanta kafin ta sauka daga murhu, da ludayi mai tsawon hannun babban mutum. Da 'ya'ya suka yi yawa ta ajiye aikin. Tukunyar ta bar musu a can, hannun kuwa da shi ta taho gida.

Baba tela ne. Ɗinki kuwa ba shi da tabbas: wani watan keke ba ya shan iska, wani watan kuma gizo-gizo ne ke aiki a kansa. Shi ya sa tun farkon zamansu Inna ta kafa doka, duk ranar da Baba ya samu, ranar ake zuwa kasuwa, ba a bari abin ya kwana a aljihu.

"Kuɗi ƙafa gare su," in ji ta. "Amma ban taɓa ganin buhun shinkafa ya tashi ya fita yawo ba."

Baba yakan ce, "Yanzu ko hula ba za a bar ni in canza ba?"

"Hular ake ci, Malam?"

Ɗakin da ya zama sito, asali Baba ya gina wa kansa ne kusa da kicin, don ya riƙa ƙarasa ɗinki a gida. Sati biyu ya more shi. Wata rana ya dawo daga shago ya tarar da kekensa a baranda an lulluɓe shi da tsohon zanin gado, ɗakin kuwa buhuna sun jeru a ciki kamar ɗalibai. Ya daɗe a bakin ƙofa yana kallo. Inna ta zo ta bayansa ta ce ai ɗakin ba ya samun haske, ido zai lalace in ana zura allura a cikinsa, shinkafa kuwa ba ta da ido. Har yau Baba yana ba da labarin nan, yana cewa shi ne mutum na farko da wake ya tasa daga ɗakinsa.

Siton nan yana da dokoki, kuma duk mun haddace su tun kafin mu iya jera sunayen ranaku. Buhu ba ya taɓa ƙasa, sai a kan katako, ba ya kuma jingina da bango saboda danshi. Wake sai ya sha rana kwana biyu, sannan a ɗura shi a jarka, a jefa busasshen barkono a ciki, a toshe bakin tam don ƙwari. Dankali da albasa ba sa kwana wuri ɗaya, Inna ta ce ba sa ga maciji, in aka haɗa su junansu suke ruɓarwa. Sabon kaya baya yake komawa, tsoho ya dawo gaba, wanda duk ya ɗebi na baya ya bar na gaba kuwa, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu. Mabuɗin yana rataye da igiya a wuyanta, har wanka da shi take shiga. Ɓera ɗaya ne tak ya taɓa ratsa siton, shi ma Inna ta yi kwana huɗu tana zancensa kamar wani tsohon abokin gaba, har tarko ya raba su.

Raka ta kasuwa aikin wuni guda ne. Ba ta tsayawa wajen masu tebur, kai tsaye take wucewa layin 'yan sari, can ciki inda manyan motoci ke sauke kaya. In mai sari ya kwance bakin buhu ya ɗebo ya nuna mata, ko kallo ba ta yi. Sai ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har kafaɗa, ta zaƙulo na can ƙasa.

"Bakin buhu na baƙo ne," takan ce. "Gaskiya tana gindi."

Ta ciji ƙwayar wake ta ji ko ya bushe, ta shinshina mai, ta murza gari tsakanin yatsu. Akwai wani dattijo mai sari da suka fi shekara ashirin suna ciniki, kuma ba su taɓa rabuwa ba tare da sun yi faɗa ba. Ta juya za ta tafi, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ta kai bakin rumfa, ya kira ta. Ta dawo tana cewa don furfurarsa kawai ta dawo. Mu kuwa muna tsaye a rana muna jiran a gama wasan da kowa ya san ƙarshensa.

Wanda bai taɓa cin ribar Inna ba shi ne mai shagon kan kwanarmu, wani mutum gajere mai yawan raha. Duk layin abokan cinikinsa ne, ban da gidanmu. In ta zo wucewa yakan leƙo ta saman kwalaben alawa ya ce, "Inna, yau ma babu abin da ya ƙare?"

"Babu, sai gaisuwa."

"To ita ma tara min, ki kawo ta da buhu ƙarshen wata."

Asabar ce ranar babban girki. In tumatir ya faɗo har masu shi suna roƙo a ɗauka, Inna takan sauke kwando uku ko huɗu. Da hantsi ya ɗaga an riga an raba mu: wasu na wanki, wasu na cire hancin tattasai, Yaya Babba kuwa, wato 'yar farinta, ita ke raka bokitai injin markaɗe. A hura gawayi a tsakar gida a ɗora babbar tukunya, markaɗe ya yi ta tafasa yana tsalle yana ƙona duk wanda ya matso, har ruwan ya ƙafe ya koma jajir da kauri. Sannan a soya, a ɗura a kwalaben da aka dafa aka busar, a tsiyaya mai a sama ya rufe. Bayan wata huɗu, lokacin da tumatir ya yi tsadar da maƙwabta ke yin miya da guda biyu suna ba wa ruwa haƙuri, mu sai dai a buɗe kwalba. A irin ranar Inna kan zauna tana kaɗa ƙafa ta ce, "Ajiya maganin wata rana," tana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta fi daɗewa a kan waɗanda suka fi ƙunƙuni ranar wanki.

Sau ɗaya na san dabararta ta ƙwace mata, shi ne shekarar albasa. Buhu ɗaya ta je saye, ta dawo da biyar, don dattijon nan ya rantse mata ba za a sake ganin irin arahar ba. Albasa kuwa ba ta son matsi, iska take so. Sito ya cika, aka baza saura a ƙarƙashin gadaje, da saman durowa, da bayan kujerun falo. Kayan makarantarmu suka ɗau wari, har yarinyar da ke zama kusa da ni a aji ta roƙi malama ta canza mata wuri.

Daidai lokacin ne wani malamin makaranta ya fara neman Yaya Babba. Ranar da ya zo gaishe da su Baba, aka shigar da shi falo, ya ƙi hawa kujera don kunya, ya zauna a ƙasa ya jingina da ita. Kujerar ta ɗan matsa. Sai ga albasa ta gangaro daga ƙarƙashi, ta bi ta gefen gwiwarsa ta tsaya a gaban Baba. Ta biyu ta biyo ta. Ta uku ta faɗa cikin rigarsa. Bawan Allah ya ɗauke ta ya rasa inda zai ajiye, haka ya ƙarasa gaisuwa da albasa a hannu, yana amsa tambayoyin Baba yana juya ta.

Inna ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Riƙe ta, ɗana, rabonka ce. Bari a ƙaro maka."

Da leda cike ya tafi gida. Yaya Babba ta shige ɗaki ta yi kukanta, ta ce shi ke nan an kashe ta. Bai fasa ba, shi ne mijinta har yanzu, kuma duk baƙon da ya taka gidanmu a shekarar da albasa ya fita, har mai karanta mitar wuta.

Sannu a hankali gida ya fara raguwa. Wannan aure, wancan aiki, waccan karatu. Ni ce ta ƙarshen fita, aka bar Inna da Baba su biyu a gidan da ya saba da bakuna goma sha ɗaya. Nan ne mu 'ya'yanta muka yi kuskure da hannunmu. Muka haɗu muka saya mata babbar firiza mai murfi a sama, wai don ta huta da dafa kwalabe. Ranar da aka kawo ta, Inna ta zagaya ta sau biyu, ta buɗe ta leƙa, ta ce mutum ma zai iya kwanciya a ciki. Ba hutu ta gani ba, sito na biyu ta gani. Washegari ta sayo robobi masu murfi dozin uku. Tukunyar da take ɗora wa mutum goma sha ɗaya ita ta ci gaba da ɗorawa, a ci na mutum biyu, saura a raba a robobi a jera a firiza.

Bayan wata biyu Baba ya kira Yaya Babba a waya, yana magana ƙasa-ƙasa, da alama a bayan gida ya ɓuya.

"Yau kwana goma sha ɗaya ke nan," in ji shi. "Wake da safe, wake da rana, wake da yamma. Ɗazu na buɗe firiza na leƙa, robobin ko rabi ba su yi ba. In kun zo kun tarar na yi tsiro, kada ku yi mamaki."

Yaya Babba ta ce, "Baba, ka gaya mata mana."

"Na gaya mata. Ta ce wake yana gina jiki. Ni da na kusa saba'in, wane gini kuma ya rage?"

Da ya ga ba mu kawo ɗauki da wuri ba, sai ya nemo wa kansa mafita. In ya taso daga shago da rana, sai ya ratse wajen mai shagon kan kwana, ya sayi ɗan ƙaramin burodi da kifin gwangwani guda ɗaya, ya zagaya bayan shago ya zauna kan benci ya ci abinsa. Mai shago kamar ya taka rawa. Shekara da shekaru yana jiran wani daga gidanmu, ga shi Allah ya kawo masa mai gidan da kansa. Har labule ya rataya masa na buhu don kada a gani daga titi.

Sai dai labulen bai kai ƙasa ba. Wata rana Inna ta biyo ta lungun za ta injin markaɗe, ta hango takalma biyu a ƙarƙashin buhu, kuma ita ta saye su, ƙafa uku iri ɗaya ta saya masa lokaci guda. Ta ɗaga labulen. Baba yana riƙe da burodi a hannu ɗaya, gwangwani a ɗayan, mai yana bin gemunsa.

"Malam."

"Na'am. Wucewa na zo yi."

"Da gwangwani a hannu?"

Mai shago ya leƙo ya ce, "Inna, ni na ba shi ya ɗanɗana min, sabon kaya ne."

"Kai kuma ban zo kanka ba tukuna." Ta karɓi gwangwanin ta juya shi ta duba. Baba ya gaya mana daga baya cewa ya shirya jin faɗan cin abinci a waje, har ya tanadi amsa. Amma da ta ɗago, ba wannan ne ya dame ta ba.

"Guda ɗaya-ɗaya kake saye? Kullum?"

"To, haka dai."

"Haba Malam! Da ka ce min kifin gwangwani kake so, ai da na sauke katan."

Kuma ta sauke. Kwana ashirin Baba ya yi yana cin kifin gwangwani, har ya fara tambayar ko akwai sauran waken nan.

Daga nan muka ga abin ya wuce wasa. Ni da Yaya Babba muka je takanas, muka kai mata wata 'yar tukunya mai murfin gilashi, daidai cin mutum biyu. Muka zaunar da ita muka yi ta lallashi: in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi, yanzu ku biyu ne, ki dafa na yau ku ci yau, gobe a dafa wani. Ta ɗaga tukunyar da yatsa biyu ta ce, "Wannan ta shayin wa ce?" Amma ta yi alkawarin za ta gwada.

Ta gwada kuwa, tsakani da Allah. Ranar farko gishiri ya yi yawa har Baba ya shanye ruwan gora biyu. Ranar ta biyu shinkafa ta kumbura ta ture murfi ta zubo kan murhu. Ranar ta uku ta juya baya kaɗan, kamar yadda ta saba da babbar tukunya mai haƙuri, kafin ta waiwayo komai ya zama ƙanzo. Matar da ta ciyar da ɗaruruwan ɗalibai ba ta taɓa ƙona girki ba, sai ga 'yar tukunya tana wasa da ita.

Ranar ta shida na je duba su. Na tarar da ita zaune a kicin kan 'yar kujera, tukunyar tana kan wuta tana 'yar ƙararta, ita kuwa ta zuba tagumi. Na yi mata ba'a na ce ko dai in ɗauko mata malamar girki. Ba ta rama ba, abin da ba halinta ba ne.

"Auta," ta ce, "ba gishirin ne ya dame ni ba. In na ɗora babbar nan, sai in ji kamar yanzu za ku shigo kuna rigimar wa aka fi zuba wa. Wannan kuwa in na ɗora ta, ita ke gaya min babu kowa."

Na zauna a ƙasa kusa da ita har shinkafar ta fara kamawa, muka tashi tare muna rige-rigen saukewa.

Mafita ba daga wajenmu ta zo ba. Wata amarya, ma'aikaciyar jinya ce, suka kama hayar gidan da ke jikin katangarmu ita da mijinta. Aikinta ba ya barinta zama, sai ta sayi cefane kaɗan-kaɗan a hanya, rabi ta dafa, rabi ya lalace kafin ta sake samun sukuni. Wata safiya suka haɗu da Inna wajen zubar da shara. Amarya ta juye leda, sai ga tumatir ya yi ruwa, da alayyafo ya yi baƙi, da rabin tukunyar shinkafa da ta yi tsami. Inna ta dafe ƙirji.

"'Yar nan, wa ya rasu?"

"Babu kowa, Inna. Aiki ne ya riƙe ni kwana biyu."

"Kullum haka kike ciyar da bola?"

Amarya ta sunkuyar da kai ta ce wallahi abin yana damunta, albashi ba ya kai su ƙarshen wata, kuma ba ta san inda yake shiga ba. Inna ta nuna bolar da baki ta ce, "Ga shi nan kina kallo." Sannan ta tambaye ta ranar hutunta. Ta ce Asabar.

"To ranar Asabar ki zo da robobinki. Kada ki sa kayan kirki."

Asabar ta farko su biyu ne. Ta biyu amarya ta zo da abokiyar aikinta. Kafin wata ya ƙare matar makaniken layinmu ta shigo, sai wata malama mai tagwaye, sai kuma wani gwauro mai gyaran wuta da ya yi sati biyu yana wucewa ta ƙofar gidan yana shinshina iska, kafin ya yi ta maza ya yi sallama da robobinsa a leda. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta miƙa masa wuƙa da tire. Gida shida suka zama, har da namu. Su haɗa hannu a sauke buhu da jarka da kwando, Inna ta ja su zuwa layin 'yan sari tana gaba suna biye. Ranar da amarya ta naɗe hannun riga ta zura hannu har kafaɗa a cikin buhu, dattijon nan ya riƙe kai ya ce, "Shi ke nan, an haifa min wata."

In an dawo a raba ɗanyen kaya, kowa ya kai nasa gida tare da dokokin katako da jarka da barkono. Abin dafawa kuwa a tsakar gidanmu ake yi, kala uku ko huɗu a Asabar ɗaya. Inna ke rabo, kuma ba ta awo. Da farko matar makanike ta so a kawo mudu don kada a yi rigima. Inna ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Aka raba da ido, aka kawo mudun aka gwada, ya fito daidai, tun daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen.

Wanda ya fi kowa cin moriyar tsarin nan Baba ne. Tunda tukunya gida shida ake raba ta, babu abincin da ke kai kwana uku a gabansa. Ya daina zuwa shago ranar Asabar, ya kafa kujera a inuwa kusa da murhu, ya naɗa kansa mai ɗanɗano. Ba wanda ya ba shi muƙamin, ba kuma wanda ya iya sauke shi.

Bara ne gwiwar Inna ta matsa mata har likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin sai ta yi sati uku ba ta taka murhu ba. Muka yanke ta yi jinyar a gidana. Ba aikin ne ya tayar mata da hankali ba, cikin Baba ne. Asabar biyu a jere suka yi girki na musamman, ta cika firiza har murfi yana ƙin rufuwa. Ta ɗebo ƙyallayen da suka rage a shagon Baba, ta yayyaga, ta ɗaure wa kowace roba: ja na miyar nama, kore na ganye, shuɗi na kifi, fari na shinkafa. Ta tsayar da shi a gaban firiza ta yi masa karatu sau uku, ta sa ya maimaita.

Aiki ya yi kyau. Amma a gidana ba ta zauna lafiya ba. Kullum sai ta buɗe 'yar firjina ta yi salati, kullum sai ta kira Baba ta tambaye shi wane launi ya ci. Shi kuma ya amsa da murya wasai, "Ja na ci yau, Innar yara. Kada ki damu, ki huta sosai. Ko wata guda ne ki yi." Wannan "ko wata guda" ɗin ne bai kwanta mata ba. Ranar ta tara ta ɗaure kayanta ta ce in kai ta gida ko ta tafi da sandarta.

Da azahar muka isa, ba mu sanar ba. Tun daga ƙofa muka ji hayaniya da dariya. A tsakar gida an shimfiɗa tabarma biyu, teloli abokan aikin Baba sun zagaye manyan faranti, wani ma da tef ɗin awo a wuyansa. Suna ganinta kowa ya tsame hannu. Aka yi gaisuwa a gurguje, aka yi mata ya jiki, ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da ɗinkin gaggawa.

Inna ta dogara sanda har gaban firiza ta ɗaga murfi. Abincin sati uku, babu abin da ya rage sai roba biyu masu farin ƙyalle da ƙanƙara. Ta daɗe tana kallo. Baba yana bayanta yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Su nawa ne?" ta tambaya ba tare da ta juyo ba.

"Bakwai. Wata rana takwas. Ranar farko mutum ɗaya na gayyato, cin abinci ni kaɗai ne ya gagare ni. Shi ne ya je ya ba da labari."

"Sun ƙoshi?"

"Har robar suke suɗewa."

Ta rufe firizar a hankali. Na matso kusa don in tare in faɗa ya tashi, sai na ga gefen bakinta yana motsi.

"Wanne suka fi so?"

"Shuɗi. Shi ya fara ƙarewa." Baba ya ga hanya ta buɗe, sai ya ƙara da cewa, "Sai dai mutum ɗaya ya ce kore ya ɗan so gishiri."

Nan ta juyo gaba ɗaya, sanda da komai.

"Wane ne?"

"A'a, ba zan tona shi ba. Amana ce."

"To ka gaya wa amanar taka ya zo ranar Asabar da sassafe. Shi zai wanke kifi." Ta miƙo min hannu. "Auta, kawo min kujera, ki kira min amarya a waya."